Yadda za ka tsallake ɗaya ga Afrilu a Jidda ba ka yi ƙarya ba, ba a kuma ruɗe ka ba

Mu da ke zaune a Jidda da Makka, rabin rayuwarmu a cikin waya take. Uwa tana Kano, ɗanta yana unguwar Karantina. Miji yana Hindawiyya, mata da yara suna Maraɗi. Haihuwa, rasuwa, kuɗi sun iso ko ba su iso ba, an kama wane ko an sake shi, duk ta saƙon murya muke ji. Shi ya sa ranar nan da Larabawa ke ce wa kizbat Abril, wato ɗaya ga Afrilu da ake shara wa mutane ƙarya da sunan wasa, ta fi yi mana illa a kan waɗanda suka faro ta. Wanda ke zaune gida ɗaya da 'yan uwansa, in aka ce masa wane ba shi da lafiya, leƙa ɗaki kawai zai yi ya gani. Mu kuwa tsakaninmu da ɗakin akwai Bahar Maliya da tafiyar awanni a jirgi.

A shagon kago nake aiki, wajen Bab Sharif. Banda auna kaya da ɗaure kwali, mutane kan miƙo min waya in karanta musu saƙon Larabci, musamman dattawa da matan da ke shagala, wato aikatau, a gidaje. Duk ƙarshen Maris saƙonnin sukan canza kama, kuma abin da ke ƙasa shi ne abin da nake gaya wa duk wanda ya tsaya ya saurara.

Ka fara sanin inda abin ya fito

Masana tarihi ba su haɗu a kan asali guda ba, amma akwai abubuwan da ke rubuce. Bayanin da aka fi ji daga Faransa yake. A da, ba ko'ina a Turai ake fara shekara a Janairu ba. Wasu garuruwa 25 ga Maris suke farawa, shagalin ya ja har farkon Afrilu. A 1564 Sarki Charles na tara ya ba da doka cewa shekara za ta riƙa farawa ɗaya ga Janairu a duk ƙasarsa. Sai aka ce waɗanda suka ci gaba da shagalin Afrilu, don rashin jin labari ko don taurin kai, su aka riƙa yi wa ba'a, ana aika musu kyautar banza da gayyatar walimar da babu ita. Bayanin yana da daɗin ji, sai dai yana da ɓaraka. A 1561, shekara uku kafin dokar, wani mawaƙi mai suna Eduard de Dene, daga yankin da yau yake cikin Beljiyam, ya riga ya rubuta waƙa a kan wani mai gida da ke ta aiken baransa aiken wofi ranar ɗaya ga Afrilu. Ke nan al'adar ta girmi dokar da ake cewa ita ta haife ta.

Daga nan kowace ƙasa ta yi nata salon. A Faransa yara kan yanka kifin takarda su manna a bayan mutum bai sani ba. A Ingila, a 1698, an tura mutane Hasumiyar Landan su je kallon yadda ake yi wa zakuna wanka, suka je babu wanka. A Sikotiland ana ba mutum wasiƙa a rufe ya kai wa wani, shi kuma in ya buɗe sai ya ga an rubuta masa ya ƙara tura ɗan aiken gaba, haka za a yi ta yawo da shi. Turawan Ingila ma sun yi wa abin iyaka: da rana ta take tsaka wasa ya ƙare, wanda ya yi bayan nan shi ne wawan. Sifen da ƙasashen da ke magana da harshenta kuwa ranarsu daban ce, 28 ga Disamba.

Ka lura da abu ɗaya a duk waɗannan: wasan ido da ido ne, tsakanin mutanen gari ɗaya, kuma kafin yamma kowa ya san gaskiya. Jaridu da talbijin ne suka fitar da shi daga unguwa. A 1957 shirin Panorama na BBC ya nuna wasu manoma a kudancin Suwizalan suna tsinkar taliya daga bishiya, mutane kuma suka yi ta buga waya suna tambayar yadda za su shuka tasu. Wannan dariya ce, babu wanda ya cutu. Amma a 2010, a nan kusa da mu, jaridar Al-Ghad ta Jodan ta buga a shafin farko cewa wasu halittu daga sararin samaniya sun sauka kusa da garin Jafr. Iyaye suka hana yara zuwa makaranta, aka tura jami'an tsaro neman baƙin, magajin garin har ya fara shirin kwashe jama'a. Mutanen Jafr ba su saba da wannan al'ada ba, sun saba jarida in ta faɗi magana to haka take. Halinmu ya fi kusa da nasu.

Akwai wani labari da ya kamata ka daina turawa, ko da niyyarka kyakkyawa ce. Duk shekara yakan dawo: wai asalin ranar shi ne yaudarar da aka yi wa Musulmin Andalus ranar ɗaya ga Afrilu, bayan an lalata su da giya da taba. Garnaɗa, daular Musulmi ta ƙarshe a can, ta faɗi ne ranar 2 ga Janairun 1492. Taba kuwa daga nahiyar Amurka ta zo Turai, kuma Kolumbus bai ma tashi tafiyarsa ta farko ba sai watan Agusta na wannan shekarar. Abin da aka yi wa Musulmin Andalus bayan nan, na tilasta musu barin addini da korarsu, gaskiya ne kuma ya isa abin kuka ba sai an ƙara masa gishiri ba. Yana min ciwo in ga mai wa'azin a bar ƙarya yana kafa hujja da labarin da ba shi da tushe, domin yaron da ya je ya bincika ya gano, gobe ba zai yarda da sauran wa'azin ba.

Saƙon da ya shafi takarda

Ƙaryar da ta fi cin kasuwa a cikinmu ita ce ta iƙama, wato takardar izinin zama da hukumar fasfo, jawazat, ke bayarwa. "An yi afuwa, duk wanda ba shi da takarda ya je jawazat gobe." "An soke kuɗin da ake biya wa iyali." "Za a shiga unguwa kaza kame daren yau." Mai ƙirƙirar irin wannan ya san inda ke mana ƙaiƙayi. Kuma abin da ke sa a yarda shi ne an taɓa yin na gaske a daidai wannan lokaci na shekara: a Afrilun 2013 Sarki Abdullah ya ba da wa'adin gyara takardu, a 2017 kuma wa'adin kwana 90 na fita ba tare da tara ba ya fara ne ranar 29 ga Maris. Wanda ya ga waɗannan da idonsa, in ya ji an ce an sake, zuciyarsa za ta buga.

To in saƙon ya zo, kada ka tashi, kada ka tura. Dubi abu uku tukuna. Wa ya faɗa? Hukuncin da ya shafi miliyoyin baƙi ba ya fitowa ta muryar wani da ba a san sunansa ba. Kamfanin dillancin labarai na ƙasa, WAS, shi ke fitar da shi, sannan shafin Ma'aikatar Cikin Gida da na jawazat, sannan tashar talbijin ta Akhbariyya ta karanta. In babu shi a can, babu shi. Na biyu, kwanan wata. Takardar hukuma tana ɗauke da rana da lamba. Hoton da aka yanke kansa da ƙasansa, aka bar tambarin takubba da dabino kawai, yawanci tsohon labari ne aka yi wa sabon wanka. Na uku, me ake so ka yi? In an ce danna nan ka sabunta bayananka na Absher, manhajar gwamnati ta harkar takardu, ko ka turo lambar da ta shigo maka yanzu, wannan ya wuce wasan Afrilu, ɓarawo ne. Banki ba ya neman lambar sirri ta waya, Absher ma haka. Saƙon tes irin wannan ana tura shi zuwa 330330 don kai ƙara, sauran kuma akwai manhajar kai rahoto ga jami'an tsaro, Kulluna Amn.

In ba ka karanta Larabci, ka kai wa wanda ke karantawa, amma ka ce masa ya buɗe shafin hukumar a gabanka. Kada ya tsaya a fassara maka saƙon kawai, domin fassarar ƙarya ƙarya ce. Gani ya kori ji.

Sai dai kada ka zarce ka ce duk abin da aka ji ranar nan ƙarya ne. Google ta buɗe Gmail ranar ɗaya ga Afrilun 2004, kuma da yawa sun ɗauka wasa ne saboda yawan wurin ajiyar da ta ce za ta bayar kyauta. Mafi kusa da mu: ranar Juma'a ɗaya ga Afrilun 2022 da magariba aka sanar da ganin watan Ramadan a nan Saudiyya, aka tashi da azumi Asabar. Wanda ya ce "kizbat Abril ce" ya ja bargo, da ya wayi gari ba sahur. Ganin wata kuwa, Kotun Ƙoli ce ke tabbatar da shi, a sanar a talbijin, a tsaya tarawihi a Harami. Nan za ka duba.

Ka kuma san cewa turawa kaɗai tana iya jawo maka. Dokar laifukan intanet ta 2007, a sashe na shida, ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara biyar da tarar da za ta iya kai riyal miliyan uku ga wanda ya ƙirƙira ko ya aika abin da ke taɓa zaman lafiyar jama'a, kuma ofishin mai gabatar da ƙara ya sha tunatar da cewa jita-jita tana ciki. Baƙo ya san abin da ke biyo bayan hukunci. "Wallahi turo min aka yi" ba ta fid da kowa.

Saƙon da ya shafi gida

Wannan ya fi min zafi. Wata Hajiya da ke kawo mana kaya, dattijuwa mai hawan jini, ta shigo shagon wata safiya riƙe da waya, mayafinta na ja a ƙasa. Ɗan ƙanenta ne ya turo mata murya daga gida: babban ɗanta ya yi hatsari a hanyar Zariya, a yi addu'a. Ta kira ɗan, waya a kashe. Muka zaunar da ita a kan kwalin dabino, hannunta na rawa har ruwan da muka ba ta yana zuba a cinyarta, ba abin da take cewa sai "Innalillahi, Alhaji, kira min matarsa." Matar ta ɗauka, ta ce ai ga shi nan yana barci, caji ne ya ƙare. Can sai ga wata muryar daga yaron yana dariya, wai Gwaggo an kama ki, yau ɗaya ga wata. Hajiya ba ta yi dariya ba. Ba ta je aiki ranar ba, sai da aka kai ta aka auna jininta, kuma matar gidan da take wa aiki ta yanke mata kuɗin yini.

Maganin wannan tun kafin ranar ake yin sa. A ƙarshen Maris ka yi murya ɗaya ka tura zauren danginku, da bakinka, ba rubutun da aka kwafo ba. Ka ce: "Don Allah, mu da ke nesa ba ma iya tantancewa. Kada wanda ya yi mana wasa da mutuwa, ko ciwo, ko hatsari, ko saki, ko kamu." Ka ambaci abubuwan ɗaya bayan ɗaya, domin yaro ɗan shekara goma sha biyar bai san cewa "an kama Yaya" kalma ce da ke hana gida guda barci ba. In akwai babba a gidan, Baba ko Kawu, ka roƙe shi ya maimaita. Maganarsa ta fi taka nauyi. Mu ma nan haka: kada ka kira Inna a Zindar ka ce an kai ka tarhil, inda ake tsare waɗanda za a mayar gida, don ka ji yadda za ta yi. Ka riga ka san yadda za ta yi.

In kuma mummunan labari ya zo, ka nemi mutum na biyu kafin ka gaya wa kowa, kuma ya zama wanda ba ya zama da mai turowar. Maƙwabci, limamin unguwa, matar gidan. Kiran bidiyo ya fi murya. Kada ka tura kuɗin asibiti sai ka yi magana da mai ciwon ko wanda ke tsaye a kansa, domin masu damfara ma sun san ranar, sun kuma san cewa mai firgici ba ya lissafi.

Idan ta tabbata wasa aka yi maka, ka bari zuciya ta sauka kafin ka amsa. Magana zarar bunu ce, kuma zumunci ya sha tsinkewa a kan murya ɗaya da aka tura cikin fushi. Bayan la'asar ka kira shi shi kaɗai, ba a zaure ba, ka gaya masa abin da ya faru a ɓangarenka dalla-dalla: na bar aiki, na kira mutum kaza, an auna jinina. Yawancinsu ba mugunta ba ce, ba su taɓa hango ɗaya gefen wayar ba ne. In kai ne ka riga ka tura wa wasu kafin ka gane, ka bi duk inda ka tura ka janye, da kalmomi bayyanannu.

Abin da za ka ba yara a madadinsa

Yaranmu da ke makaranta a nan suna jin abin a bakin abokai da TikTok, kuma "haramun ne" kaɗai ba ta isar su. Ka ba su dalili. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce bone ya tabbata ga wanda ke ba da labari ya yi ƙarya don ya ba mutane dariya. Abu Dawud ya ruwaito cewa bai halatta Musulmi ya firgita Musulmi ba, kuma dalilin faɗin hadisin wasa ne: wasu sahabbai suka ɗauke igiyar wani yana barci, ya farka a razane. Ka ga ko ɓoye wa mutum waya ko fasfo "don a ga idonsa" ya shiga ciki.

Sannan ka nuna musu cewa Annabi yana raha. Wani ya roƙe shi abin hawa, ya ce zai ɗora shi a kan ɗan taguwa. Mutumin ya ce me zan yi da ɗan taguwa? Ya ce masa, akwai raƙumin da ba taguwa ce ta haife shi ba? Ya kan kira Anas "mai kunne biyu". Duk maganar gaskiya ce, dariyar tana cikin yadda aka juya ta. Yara suna son wannan in ka mai da shi gasa: wa zai faɗi magana ta gaskiya tsantsa da za ta ruɗa mu? A gidanmu bayan isha mukan yi, kuma ƙaramar 'yata ta fi kowa iyawa.

Mu Hausawa kuma ba mu rasa wasa ba balle mu yi aro. Muna da wasan taubasai tsakanin ɗan mace da ɗan namiji, da na kaka da jika, inda tsohuwa ke kiran jikanta mijinta tana masa gorin cefane. Muna da na garuruwa da ƙabilu: Kanawa da Zagezagi, Fulani da Barebari, Gobirawa da Yarbawa. A watan Muharram akwai kuɗin shara da abokan wasa ke bin juna. A Nijar abin ya kai har UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya da ake karewa a 2014. Ka duba dokokinsa, ko da ba a rubuce suke ba: kowa ya san wane ne abokin wasansa, duka biyun sun san wasa ake, ana yi a gaban jama'a, wanda aka tsokana yana da damar ramawa nan take, kuma ba a kai wa ga abin da zai sa mutum kuka. A shagonmu in Bafulatani da Babarbare suka haɗu wajen awo, sai an ɗaga musu murya kafin layi ya motsa, kowa na ce wa ɗan uwansa bawana, kuma a ƙarshe ɗaya ne zai biya wa ɗaya shayi. Yaran da aka haifa a unguwar Rusaifa ko Sabil da yawa ba su san su waye taubasansu ba. Ka zaunar da su ka lissafa musu: 'ya'yan Gwaggo wance, 'ya'yan Kawu wane. Ka ba su lambar waya, ka ce waɗannan an halatta muku tsokanarsu duk shekara.

Aiki na ƙarshe na ranar biyu ga wata ne. Ƙaryar Afrilu ba ta mutuwa a Afrilu. Tana kwanciya a cikin wayoyi, sai lokacin aikin Hajji ko ƙarshen shekara wani ya tono ta ya tura, babu kwanan wata, babu dariyar da ta biyo baya. Saƙon afuwar da aka ƙaryata bana, shi za a kawo min in karanta baɗi. Saboda haka ka bi zaurukan da kake ciki ka goge abin da ya tabbata ƙarya ne, hoto da murya duka. In kai ne mai kula da zauren, ka goge wa kowa, sannan ka rubuta gyara a ƙasa da kwanan wata na Hijira da na Miladiyya, ka faɗi shafin da ka duba. Wayoyin dattawan gidanka ma ka karɓa ka duba musu, da izininsu, domin su ne ba sa goge komai.